Amsa kan fayil ɗin rubuta bayanin manhaja

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce mudir ɗinku, wato manajanku, a nan Jidda ya ce ku rubuta bayanin yadda manhajarku take aiki, kana tambaya ko a Word za ku yi ko PDF.

To ni dai shawarata, ku rubuta da Markdown, wato rubutu mai 'yan alamomi na nuna take da jeri, ku ajiye shi a Git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane gyara, wuri ɗaya da kod ɗin. Ka ga fayil ɗin Word, wato docx, a zahiri zip ne, wato ƙunshin fayiloli da aka matse, da aka cusa XML, rubutun alamomin tsari, a cikinsa. Abokin aikinka ya gyara layi ɗaya, Git zai ce maka fayil ya canja, amma wane layi ne, ba zai nuna maka ba. In kuwa mutum biyu suka gyara lokaci guda, sai dai ɗaya ya haƙura da nasa. Markdown rubutu ne zalla, kowane gyara ana ganinsa da sunan mai shi. John Gruber ne ya fito da shi a 2004, kuma wallahi a zama ɗaya za ka iya shi.

Na san mudir ba zai buɗe Git ba, shi takarda yake so a hannu. Ba matsala, Pandoc, manhajar sauya nau'in fayil, zai juya maka shi zuwa Word ko PDF. Amma don Allah kada wani ya je ya yi gyara a cikin wanda aka juya, a koma asalin.

Inda nake so ka natsu shi ne Larabci. Markdown ba shi da alamar da ke cewa rubutun nan daga dama yake tafiya. Ka haɗa jimlar Larabci da umarni na Turanci a layi ɗaya, sai ka ga aya da baka biyu sun yi tsalle sun koma wani gefen, mai karatu ya kwafi umarnin a birkice. Saboda haka Larabci ya samu fayil ɗinsa daban, kowane umarni a layinsa shi kaɗai cikin akwatin kod, sannan ka sa dir="rtl", alamar rubutu daga dama zuwa hagu, ta HTML, wato harshen tsara shafin intanet. Komai kuma a UTF-8, tsarin ajiye haruffa na kowane harshe, har ƙ da ɗ namu su fito daidai.

In manhajar ta girma, musamman wadda aka rubuta da harshen Python, akwai reStructuredText, wani tsarin rubutu kamar Markdown, da Sphinx mai juya shi zuwa shafuka, masu gina Linux ma can suka mayar da bayanansu a 2016. Ku dai ba ku kai nan ba tukuna.

Ka fara da shafi ɗaya na Larabcin, ka turo nan mu duba kafin ku yi nisa.