Hukuncin ɗinka ƴan tsana domin fim ɗin tatsuniya

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ni da abokaina muna son haɗa gajerun finafinai na tatsuniya, su Gizo da Ƙoƙi da Dodo, mu riƙa sakawa a intanet domin yara, tunda abin da suke kallo a salula ba harshenmu ba ne, ba kuma tarbiyyarmu ba. Ni aka ɗora wa aikin ƴan tsanan. Na riga na ɗinka Gizo da soson katifa da ƙyalle, irin wanda ake zura hannu a ciki. Muna kuma shirin yin Dodo mai cikakken jiki, da waya a cikinsa, a riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Sai kawuna ya ce gumaka nake yi, kuma ranar ƙiyama za a ce in busa musu rai. Tun ranar ban sake taɓa aikin ba. Mene ne hukuncinsa?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka dakata ka tambaya. Kada kuma ka ga baƙin kawunka, domin maganarsa tana da asali. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa masu yin surori za a azabtar da su ranar ƙiyama, a ce musu su raya abin da suka halitta. Buhari ya kawo daga Ibnu Abbas cewa Waddu da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasru, waɗanda aka ambata a aya ta 23 ta Suratu Nuh, sunayen mutanen kirki ne da aka kafa wa alamu domin tunawa, da zamani ya ja sai aka bauta musu. Wannan ƙofar ce shari'a ta toshe, ita da ta mai ƙira ya ji a ransa yana gasa da Mahalicci. Amma ba duk abin da aka kira ƴar tsana ne ke shiga ƙarƙashin wannan narkon ba. Hukunci yana bin yadda aka ƙera abin da kuma abin da aka yi shi dominsa.

Ma'aunin da malamanmu na Malikiyya suka ajiye, Shehu Ahmad Dardir ya taƙaita shi a babin walima cikin sharhinsa na Aƙrabul Masalik. Surar da ta haramta ita ce ta mai rai, wadda take da jiki har tana yin inuwa, gaɓoɓinta cikakku, kuma aka yi ta da abin da ke daɗewa. In ta rasa wata gaɓa da mai rai ba zai rayu babu ita ba, ta fita daga haramci. In ba ta da jiki, kamar zane a takarda ko a bango, ita ma ta fita, iyakarta karhanci. Wadda aka yi da abin da ke saurin lalacewa kuwa akwai saɓani, shi dai ya rinjayar da haramci. Riƙe wannan ma'auni, mu ɗora aikinka a kai.

Gizon da ka ɗinka, kai ne da hannuwa da riga, daga ƙirji zuwa ƙasa kogo ne da hannun mutum ke shiga. Ba ciki, ba ƙafafu, in ka zare hannunka sai ya yi laƙwas a kan tebur. A ƙa'idar mazhabarmu wannan tauyayyiyar sura ce, ba ta haramta ba. Haka wadda ake haɗa mata siraran sanduna a hannuwa, mutum ɗaya yana motsa baki da hannun dama, yana juya sandunan da na hagu, ko wani ya kama masa. Akwai malaman da suka tsananta suka ce surar ai kai ce, muddin kai da fuska suna nan to sura tana nan, suna kafa hujja da hadisin Abu Dawud da Tirmizi inda Mala'ika Jibrilu ya ce a yanke kan mutum-mutumin da ke cikin ɗaki ya koma kamar itaciya. Ba na wasa da wannan magana. Shi ya sa nake ba ka shawara kada ka ƙure gwaninta wajen fuska. Ido na maɓalli, baki na ƙyalle, ya ishi yaro ya gane Gizo ne.

Abin da na fi so in ja hankalinku gare shi shi ne wasan inuwa, domin shi ne mafi tsarki daga shubuha, kuma shi ne mafi arha. Ana yanka siffa a shimfiɗe daga fata ko kwali, a huda gaɓoɓin a ɗaure da zare, a manna sanda, a miƙe farin ƙyalle, a kunna fitila daga baya. In aka matso da siffar kusa da fitila sai ta kumbura ta cika ƙyallen, in aka manna ta ga ƙyallen sai ta koma ƙarama mai kaifin gefe. Da wannan kaɗai Dodo zai iya girma a gaban idon yaro har ya haɗiye gari. Musulmi sun daɗe da sanin wannan wasa. A Alƙahira Ibnu Daniyal ya rubuta wasanni uku na inuwa a ƙarni na 13, Turkawa suna da Karagoz, mutanen Indonesiya suna yanka nasu daga fatar ɓauna. Mu da Allah ya ba jar akuyar Maraɗi da dukawa masu hannu, me zai hana mu? Marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga ta nan Nijar a 1942, ya zauna Tawa, ya rasu a 2015, da wasan inuwa ya fara tun yana yaro kafin duniya ta san shi cikin magabatan fim ɗin zane a Afirka.

Yanzu ga Dodon da kuke shiri. Wannan dabara tana cin haƙuri: ana yin ƙashi da waya, a lulluɓe da soso ko roba, a kafa ƙafafun a kan katako, a motsa hannu kamar faɗin ƙwayar gero, a ɗauki hoto, a sake motsawa, a sake ɗauka. Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce, minti ɗaya 1440 ke nan, ko rabin haka ga masu ɗaukar 12. To abin da ake motsawa ɗin mutum-mutumi ne cikakke, yana tsaye da ƙafafunsa, yana da inuwa, yana shekaru bai lalace ba. Sharuɗɗan nan na Dardir duk sun haɗu a kansa. Haka ƴar tsana mai zare da ake ratayewa daga sama ana taka ta, in an sassaƙa ta tun daga kai har tafin ƙafa. Asalin irin waɗannan hani ne. Kada kuma wani ya ce ai da yumɓu zai yi, in an gama ya murƙushe, ka ji abin da aka rinjayar game da mai saurin lalacewa.

Za ka iya cewa ai Dodo babu shi a halittar Allah, da wa na yi gasa? Malaman Shafi'iyya sun tattauna wannan, suka ce surar da aka ƙaga, kamar mutum mai fiffike ko saniya mai bakin tsuntsu, tana cikin hani, domin dai siffar mai rai ce. Ba ta nan sauƙin yake ba.

Sauƙin yana wajen yara. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ce ta kasance tana wasa da ƴan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita da ƙawayenta, kamar yadda Buhari da Muslim suka kawo. A ruwayar Abu Dawud, ya dawo daga Tabuka ko Haibara, iska ta ɗaga labulen ma'ajinta, ya hangi ƴan tsananta, a tsakiyarsu da doki mai fikafikai biyu na tsumma. Ya tambaye ta doki da fikafikai? Ta ce ashe bai ji Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fikafikai ba? Ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. Dubi wannan da kyau, ɗana. Dabba ce da ido bai taɓa gani ba, an ɗinka ta da ƙyalle, tana cikin ɗakin da wahayi ke sauka, bai ce a fitar da ita ba. Rubayyi'u ƴar Mu'awwiz ma ta ce suna yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har lokacin buɗa baki. Alƙali Iyad ya naƙalto halaccin ƴan tsanan yara daga mafi yawan malamai, dalilinsu kuwa tarbiyya.

Saboda haka abin da nake rinjayarwa: in fim ɗin na yara ne da gaske, manufarsa koyarwa da gyaran hali, to cikakkiyar ƴar tsana ta ƙyalle da soso tana shiga cikin wannan rangwame ta hanyar ƙiyasi, domin abin wasa ce da ake jujjuyawa a jefa cikin buhu, ba a girmama ta. Ina cewa ƙiyasi ne, ba nassi ba, kuma akwai malaman da ba su yarda a faɗaɗa rangwamen zuwa nan ba. In kuwa fim ɗin na manya ne, na nishaɗi kawai, ban ga hanyar halatta cikakken mutum-mutumi ba.

Kuma da za ku nazarci yadda ƙwararrun sana'ar ke aiki, za ku ga ba ku ma buƙatarsa sosai. Kyamara abin da aka nuna mata kaɗai take gani. Sau da yawa ba a gina dodo gaba ɗaya, sai a yi hannu mai farata daban, wutsiya daban, baya daban, a ɗauki kowane shi kaɗai, wajen haɗa hotuna mai kallo ya cike sauran da tunaninsa. Wani babban dodo da aka yi a wani fim na Amurka a 1983, mutum uku ne ke cikinsa, biyu suna riƙe da hannuwa da kai da baki, ɗaya yana kaɗa wutsiya, wato ƙaton kogo ne. A Japan mutum uku ke tafiyar da ƴar tsana ɗaya a wasansu na gargajiya mai suna Bunraku, masu taimakawa suna sanye da baƙaƙen kaya, yau kuma a harkar fim ana sa koren kaya a goge mutum da kwamfuta. Ku yi Dodonku gunduwa-gunduwa, ko ku bar cikinsa a buɗe ta baya inda sanda ke shiga, kan kuma ya zama mai cirewa. Abin da zai fito a allo hoto ne marar jiki, hukuncinsa ya fi sauƙi nesa.

Dodo mai inji a ciki, wanda ake sa wa ƙananan na'urori yana ƙifta ido yana numfashi, nan ne zuciya ta fi fuskantar haɗari, domin burin mai yin sa shi ne a rantse mai rai ne. An ruwaito cewa Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684 bayan hijira, ya ƙera ma'ajin kyandir, a jikinsa da siffar zaki da idanunsa ke sauya launi kowace sa'a. Wannan yana nuna malamai ba su ƙi ilimin na'ura ba, amma aikin malami ɗaya ba hujja ba ne a kan hadisi. In za a yi, a tsaya ga gaɓa ɗaya, kamar muƙamuƙin kada ko fiffike. Rigar dodo da mutum ke shiga ciki kuwa tufa ce, ba laifi, sai dai a kiyaye al'aura, namiji kada ya shiga siffar mace, kada kuma a kulle yaro cikin soso a zafin Afirilu na Maraɗi har ya suma.

Duk wannan maganar ƙira ce. Abin da ƴar tsanar za ta faɗa ya fi damuna. Tatsuniya ba ƙarya ba ce a shari'a, domin mai ji ya san ƙagagge ne tun daga "ga ta nan, ga ta nanku", kuma a zaurukanmu ana karanta Maƙamatul Hariri alhali kowa ya san labaran ƙirƙira ne. Amma ba ya halatta ko kaɗan ku siffanta annabi ko mala'ika ko sahabi, ko da a inuwa ne. Ku yi hattara da aljanu. A ƙasar nan bori ba labarin nesa ba ne, yaro yana iya jin garaya daga bayan katangar gidansu. In kuka nuna aljani ya san gaibu, ko boka ya yanka baƙar akuya buƙata ta biya, kun dasa masa abin da malamin allo zai sha wuyar tumɓukewa. Aya ta 14 ta Suratu Saba'i ta ba da labarin aljanu suna ta wahala ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba sai da gara ta ci sandarsa. Kada kuma ku bi hanyar wasu ƴan dabo na da, masu shiga cikin babbar riga su fito da ƴan tsana ta wuya, su bar jama'a suna zaton asiri ne. Ku nuna wa yara zaren da sandar a ƙarshen shiri, su san hannun mutum ne. Tsoron ma a yi shi da awo, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, yaro ƙarami kuwa ya fi cancantar wannan kariya. In Gizo ya yi ha'inci, a bar shi ya ga sakamakonsa. Kiɗa da cakuɗar maza da mata wajen ɗauka suna da nasu hukuncin, halaccin ƴar tsana bai share su ba.

In an tashi aiki, a cire kawunan a zuba komai cikin akwati, kada a jera su a falo ko a shago don ado, saboda hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da sura. Kuɗin da ka samu daga nau'in da ya halatta halal ne. Ka koma kan kekenka ka ƙarasa Gizo, ka sauya tsarin Dodo yadda na bayyana, sannan ka kai wa kawunka wannan amsa cikin ladabi, ka karanta masa hadisin dokin Nana A'isha. In bayan haka ya zaɓi ra'ayin masu tsanantawa, yana da magabata a kai, kada ka yi jayayya da shi.

Wallahu a'alam.