Hoton Jariri, Kwalli da Kuɗin Suna: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan makon kusan duk na gidajen haihuwa ne. Allah ya raya mana, ya ba masu jego lafiyar shayarwa.

Wani magidanci daga wajen Gumel ya rubuto: "Hajiya, mai ɗakina ta sauka, an samu namiji. Mai hoto ya yanke mini naira 45,000, har da bidiyo da albam da sitikar mannawa a bokitai. Ragon suna ma ban gama biya ba. In ranto?"

Malam, kada ka ranta. Gama da rago tukuna, ka sayi itacen wanka da kayan kunu, ka ware na nama don mai jego, ita ce ta sha wahalar. Jariri ɗan kwana 7 barci yake yi, fuskarsa ma ba ta gama washewa ba. Hoto uku ya isa ranar suna. Ka jira arba'in, domin wajen mako 6 ne yaro yake fara yi wa uwarsa murmushi, wannan shi ne hoton da za ku so ku rataye. Sitika kuwa ka manta da ita. Bokiti bayi yake ƙarewa, ga fuskar ɗanka a jiki, wataƙila ga sunan Annabi a rubuce. In ka ɗauki mai hoto, ba shi kafin alƙalami kawai, cikon sai ya kawo hotuna wankakku a hannu.

Wata daga Ɗambatta tana tambaya ko walƙiyar kyamara tana makantar da jariri, don kakarsa ta hana.

Ba ta makantarwa, 'yata, amma tana firgita shi, hoton ma ba ya kyau. Ki zauna a bakin ƙofar ɗaki da hantsi, inda haske yake shigowa ba rana ba. Abin da ya kamata kaka ta hana shi ne wanda ba ki tambaya ba: tuɓe yaro tsirara cikin hunturu don a kwantar da shi a ƙwarya, ko a ɗora masa haɓa a kan hannuwa kamar yadda ake gani a Facebook. Waɗannan hotunan akwai hannun babba riƙe da kan yaron, daga baya aka goge shi da kwamfuta. Wuyan jariri bai iya ɗaukar kansa ba. Kada ki bari kowa ya gwada a kan naki.

Yanzu ga wasiƙar da ta hana ni barci. Daga wani ƙauye kusa da Ringim: "Anti, 'yata ta zo fara sol, yanzu wata guda tana ta duhu. Ƙawata tana sayar da wani haɗin mai na jarirai, ta ce zai riƙe mata hasken kafin mu yi hoto. Wane kwalli ne kuma ya fi fito da ido?"

Ƙanwata, zauna ki saurare ni da kyau. Yarinyarki ba ta lalace ba. Kusan duk 'ya'yanmu haka suke zuwa da haske, sannu a hankali fata ta koma launin da Allah ya tsara mata. Tsofaffi suna duba gefen kunne tun ranar haihuwa su faɗi kalar da yaro zai yi. Babu man da yake riƙe wannan hasken. Abin da haɗin yake yi shi ne cin fata. A irin waɗannan robobin marasa suna, marasa lambar NAFDAC, ake zuba man bilicin na manya da magungunan da likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta, wani lokaci har da zaiba mai lalata ƙoda. Fatar jariri siririya ce, abin da aka shafa mata yana ratsawa cikin jiki. Mai sayarwar da kanta ba ta san me ke ciki ba, sari ta yi, ta juye, ta raɗa masa suna "na jarirai" don ya shiga. Ko mai lamba a jiki ma ana buga na jabu, balle wanda aka dama a kwano a tsakar gida. Ina ganin iyaye mata suna ba da kuɗin da zai sayi mudun gyaɗa da gero a kan wannan guba, abin yana ƙona mini rai.

Kwalli kuma na san zan ɓata wa iyayenmu rai, don da shi aka raine mu duka. Amma kwallin dutse da ake niƙawa a zuba a tandu, yawancinsa dalma ce a cikinsa. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, ya haɗiye. Dalma ba ta nuna kanta nan take. Ƙwaƙwalwa take taɓawa a ɓoye, sai an kai yaro makaranta a ga karatu ya ƙi zama, a ce daƙiƙi ne. Ku tuna Zamfara a 2010, yankunan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Can ƙurar ta yi yawa shi ya sa aka ga gawa, amma gubar ɗaya ce. Ga tsinken kwallin nan guda da ake zagaya idon kowa da shi a gida, mai ciwon ido da mai lafiya. Hoda ma da ake bulbula wa yaro har ya yi furu-furu, shaƙarta yake yi. Ki yi mata wanka, ki shafa mata man kaɗanya mai tsabta, ki sa mata rigarta. In kina ganin ido yana ruwa ko kwantsa, asibiti za ki kai ta. Ƙawarki kuma ki gaya mata ta daina sayar da abin nan, ko da za ta yi fushi.

Wani saurayi daga Wudil yana son sunan manhajar da za ta ƙara wa ɗan yayarsa fari da gashi kafin ya ɗora shi a sitatus. Ba zan faɗa maka ba. Ka ma nemi izinin uwarsa kafin ka watsa shi?

Ga mai tambaya kan memorin da za ta saya don adana hotuna a waya: wanda aka rubuta wa gig 64 ana sayar da shi kuɗin lemo a tire ranar kasuwa, jabu ne, rana ɗaya zai shanye hotunanki. Ki aika a sayo miki a shago tsayayye a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, a gwada a gaban ɗan aike. Duk da haka ki wanke guda biyar ki adana a akwati, waya faɗuwa take yi a rijiya.

Ta ƙarshe daga wajen Kazaure, ta zo wanka gida: "Mama, ɗan fari ne. A gaban mutane ko kallonsa ba na yi, amma da dare sai in zauna ina ta kallon yatsunsa har in yi kuka don daɗi. Ina son hoto da shi, ina jin kunyar a ce ba ni da kara."

Allah sarki 'yata. Wannan kukan kusan kowace uwa ta yi shi, ba ta dai faɗa ba. Karar da kike yi tarbiyya ce, ba zan ce ki zubar ba, amma ba ta hana ki hoto a cikin ɗakin mahaifiyarki. Ki kira ƙanwarki bayan wankan safe, ku saya labule, ki rungume shi ta ɗauke ku. Ba sai kowa ya gani ba. Ki maimaita duk ranar rigakafi, mako 6 da 10 da 14, sai kuma wata 9, za ki ga yadda yake girma a hannunki, kuma ba za ki tsallake allura ba. Abu ɗaya nake roƙonki: in kukan ya juya ya zama na baƙin ciki, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, har ya haura mako biyu, kada ki ɓoye. Ki gaya wa mahaifiyarki, ku je wajen ma'aikaciyar lafiya tare.