Surukata ta ce na cika rama, ƙawata ta kawo mini "sha ka fashe"

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekarata 21, ina aure a wani ƙauye kusa da Jahun, wata takwas ke nan da tarewata. Tun ina gidanmu siririya ce ni, haka mahaifiyata take. Amma Inna, surukata, ba ta da zance sai na jikina. Ranar wani suna, a gaban mata, ta ce duniya za ta zaci ɗanta ba ya ciyar da ni, ga amaryar maƙwabta wata uku kacal ta yi ɓul-ɓul. Ɗaki na shige na yi ta kuka. Yanzu ƙawata ta sayo mini wasu ƙananan ƙwayoyi a kasuwa, wai sha ka fashe, yau kwana biyar ina sha. An taɓa auna ni a asibiti, kilo 50, tsawo mita 1.6. In ci gaba da sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ajiye ƙwayoyin nan yau, ki ƙulle su a leda ki kai wa ma'aikacin lafiya ya duba.

Abin da ake sayarwa da wannan suna galibi dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki. Na farkon magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa ga mai asma ko kumburi, da ƙa'ida da adadin kwanaki. In aka daɗe ana shan sa, fuska ce ke yin zagaye, tumbi ya fito, ruwa ya taru a jiki, ƙafafu da hannaye kuwa su ƙara sirancewa. Mata su ce amarya ta samu hutu, alhali hawan jini da ciwon suga ne ke sallama. Yana cinye ƙarfin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki. A shekarun da na yi a ɗakin awo na sha ganin yarinya ta shigo fuska kamar faifai, muna ɗaura mata abin awon jini sai hankalinmu ya tashi. Ke kwana biyar ne, da sauƙi. Wadda ta yi makonni tana sha kuwa kada ta yanke rana ɗaya, domin jiki ya rage samar da nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, sai likita ya sauko da ita a hankali.

Na lissafa awonki. Ma'aunin gwada nauyi da tsawo da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi yana ɗaukar 18.5 zuwa 24.9 a matsayin daidai, ke kina wajen 19.5. Mai tsawonki daga kilo 48 har 63 lafiya lau take. Ramar da ke ba ni tsoro daban ce: wadda ta zo kwatsam, zani ya fara zamewa, ga tari sama da mako biyu, ko zufar dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari. In akwai ɗaya cikin waɗannan, ki je babban asibiti. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Batun Inna kuma, ki lura da abin da ta faɗa. Sunan ɗanta take karewa, don a wurinmu jikin amarya ne shaidar rumbun miji. Ba na ba ta gaskiya, cin fuska a gidan suna ba gyara ba ne. Kuma matan da suka yi dariya ranar, su ne gobe in kika cika ƙofa za su kira ki buhun gero. Kada ki tanka mata da kanki. Maigidanki ne zai same ta su biyu, bayan sallar isha, ya ce ya kai ki asibiti an ce ƙalau kike, kuma haka danginku suke. Daga bakinsa za ta fi ji.

In ke da kanki kina son ɗan ƙarin jiki, ga fura da nono, kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli. Ki ci kafin ki hau surfe, ba sai rana ta take ba. Ƙawar taki ma ki tambaye ta ko ita ma tana sha, in ta daɗe ku tafi asibitin tare.