Shin jirgi maras matuƙi zai iya gano mai gurɓata mana iska?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Odogunyan da ke Ikorodu a jihar Legas, kusa da masana'antun narka ƙarafa, kuma kowace safiya sai mun goge baƙar ƙura a bakin taga da murfin randa. Na ji ana tura ƙananan jirage marasa matuƙi su auna hayaƙi. Yaya ake yi, kuma mu ma za mu iya? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Damuwarka tana bisa hanya, domin rahoton Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar fiye da mutum 11,200 a Legas a shekarar 2018, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Ana ɗaura wa jirgin na'urori masu auna iskar salfa da ƙurar da ido ba ya gani, wadda ake kira PM2.5, ko kuma famfo da ke zuƙo hayaƙi ya cika wata leda ta musamman, a kai ta ɗakin gwaji. Amfaninsa shi ne yana kutsawa cikin hayaƙin tun yana fita daga bututun masana'anta, kafin ya cakuɗe da na janareto da tireloli, don haka babu damar nuna maƙwabci da yatsa. Ƙasar Denmark ta yi amfani da wannan dabara wajen shinshinar hayaƙin jiragen ruwa, abin da a ganina zai dace da tashar Apapa ƙwarai.

Sai dai farfelar jirgin tana tarwatsa iskar da ake son aunawa, shi ya sa ake zuƙo ta da doguwar tiyo ko a kafa bakin na'urar nesa da farfela. Batirinsa ma da ƙyar yake wuce rabin awa, saboda haka masana'antar da ke hura wuta cikin dare tana iya tsira idan da rana aka auna. Wannan giɓi na'urorin da aka girke a ƙasa ne ke cike shi.

Batun ku tashi jirgi da kanku kuwa, ban ba ku shawara ba, domin sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa (NCAA) da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ku riƙa rubuta rana da lokacin da hayaƙin ke tashi, ku ɗauki hoto, sannan ku kai ƙorafi a rubuce ga hukumar kare muhalli ta jihar Legas (LASEPA) ta hannun Sarkin Hausawa da ƙungiyar unguwarku, kuna neman a yi awon har da dare.