KVM ko sarrafawa daga nesa: wanne ya fi wa mai kwamfutoci uku?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutoci uku gare ka, kana so ka riƙa sarrafa su da kibod ɗaya da maus ɗaya da sikirin ɗaya. Shin duk a teburi guda suke? Daga nan amsar za ta fito.

In suna kusa da juna, ni KVM zan zaɓa. Ƙaramin akwati ne da kake jona kowace kwamfuta da shi ta waya, ka danna maɓalli ka koma wadda kake so. Babu ruwansa da intanet, hoto ba ya jinkiri. Abin da ya fi burge ni shi ne yana nuna maka komai tun daga BIOS, wato shirin da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, ko da Windows ta ƙi tashi. Manhajar sarrafawa daga nesa ba za ta yi maka wannan ba, domin sai Windows ta tashi take aiki. Sai dai kafin ka saya, duba irin mahaɗin sikirin da yake da shi, ko HDMI ne ko DisplayPort, da kuma ingancin hoton da yake iya ɗauka, don masu araha da yawa ba sa wuce 60Hz a 4K.

Idan ɗaya tana wani ɗaki ko wani gari, wayar KVM ta yau da kullum ba za ta kai ba, sai manhajar sarrafawa daga nesa, irin su Remote Desktop ko VNC ko AnyDesk. Ka sani Windows Home ba ta karɓar haɗin Remote Desktop, sai Pro ko wadda ta fi ta. Kuma don Allah kada ka buɗe ƙofa ta 3389, wadda Remote Desktop ke bi ta cikinta, ga intanet kai tsaye, masu kutse na neman ta dare da rana. Bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a cikin intanet.