Ina son kai iyalina Argungu daga Gusau: in jira biki ko mu tafi hutun Disamba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Gusau, ina da mata da 'ya'ya huɗu, babban shekararsa 15, autar kuma 6. Tun da aka haife su ba su taɓa wuce Funtuwa ba, wurin dangin uwarsu. Bana na ɗauki adashi, ina son in kai su jihar Kebbi, don sun dame ni da bidiyon kamun kifin Argungu da suke gani a waya. Hutun mako ɗaya gare ni, kuma niyyata mu haɗa Argungu da Yawuri da Zuru a tafiya guda. In jira lokacin bikin ne, ko mu tafi hutun Disamba? Kuma hanya fa, a halin da ake ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya. Magidanta da yawa ba sa fita da iyali sai in rasuwa aka yi ko biki, har yaro ya girma yana ganin duk wata doguwar tafiya ta ta'aziyya ce. Shawarata kai tsaye: ku tafi a Disamba, kada ka ɗaure tafiyar yara da ranar biki, kuma ka cire Zuru daga lissafin bana.

Bikin kamun kifin ba shi da tsayayyar rana kamar Sallah. Gwamnatin jiha da masarauta ne ke sanar da lokacinsa, galibi tsakanin Fabrairu da Maris, kuma ba kowace shekara ake yi ba. An taɓa ɗaukar kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a Maris ɗin 2020. Wanda ya ajiye kuɗin adashi yana jiran sanarwa, sai ya wayi gari kuɗin sun tafi a cefane. Ko da an sa rana, Fabrairu da Maris tsakiyar zangon karatu ne, ga shi a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa kusa da wannan lokaci. Sannan zafi ya fara kankama. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a wannan yanki yakan haura 40, kai ma ka san haka tunda Gusau ba ta fi sauƙi ba. Disamba kuwa hunturu ne, ruwan damina ya janye, hanyoyi sun bushe, yara na iya yini a waje ba su galabaita ba.

Akwai kuma abin da bidiyon waya ba ya nunawa. Babban kamun, wanda ake harba bindiga dubban masunta su ruga cikin kogin Matan Fada da koma (ragar kamun kifi ta hannu) da gora, kimanin awa ɗaya ne kacal. Kafin wannan awar mutum zai yi sa'o'i a tsaye cikin turmutsutsu da ƙura, kuma wanda ba shi da gurbi a rumfa ƙeyar mutane zai fi gani. Yarinya 'yar shekara 6 ba ta da abin da za ta ƙaru da shi a nan, uwarta kuma hankalinta ba zai kwanta ba ko na minti ɗaya. Masaukai a Argungu kaɗan ne, kwanakin biki suna cika tun da wuri har zuwa Birnin Kebbi, kuɗin ɗaki ya tashi.

Argungu a ranar da ba biki ita ce nake so yaranka su gani. Ku fara da gidan tarihin Kanta, wanda tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1958. A ciki akwai makaman yaƙi, masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da kayan kamun kifi na gargajiya, da kaburburan sarakunan da suka gabata. Kada ku shiga ku zagaya ku fito cikin minti ashirin. Ka nemi ma'aikacin da ke yi wa baƙi bayani, ka ce masa yara ne 'yan makaranta daga Zamfara, ka bar shi ya ba su labarin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga ƙarƙashin daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa mulkin Kabi, ya gina birnin Surame da ganuwar dutse. Daga nan zai kawo su kan yadda mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi a 1805, da yadda Kabawa suka ƙi miƙa wuya, suka tare a Argungu suka ci gaba da fafatawa da Sakkwato da Gwandu kusan duk tsawon ƙarnin. Sai yaro ya ji wannan ne zai gane ma'anar bikin da yake kallo a waya. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin kamun kifi, alamar an binne tsohuwar gaba. Daga wannan ziyara ake ƙirga bikin a sigarsa ta yanzu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattalinsu. Surame kanta tana cikin jihar Sakkwato a yau, cikin daji, ba wurin zuwa da iyali ba ne a yanzu. Labarinta a bakin mai bayani ya ishe su.

Bayan azahar ku sauka bakin Matan Fada. Za ku tarar da ruwa shiru, babu mai jefa koma, domin an hana kamun kifi a wannan yanki sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa da mutanensa ne ke tsaron wannan doka. Wannan hani shi ya sa kifin ke samun girma, har a 2020 giwan ruwan da ya ci gasa ya kai kilo 78. Ka nemi wani dattijon masunci ya nuna wa yara yadda ake riƙe koma biyu, ɗaya a kowane hannu, da yadda mutum ke kwanciya kan gora ya yi ta yawo a saman ruwa, yana jefa abin da ya kama a cikinta. Ka tambaye shi wasannin Kabanci: tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. A ranar biki babu masuncin da zai tsaya ya saurare ka. A ranar da ba kowa, in ka gaishe shi da ladabi ka ba shi na goro, zai zauna da ku har la'asar. Ku kuma leƙa fadama, don a lokacin ne manoma ke shirin shinkafar rani, yara su ga inda shinkafar Kebbi da suke ci a gida take fitowa.

Abu ɗaya ba na sassauci a kansa: kada yaro ya shiga ruwan, ko da iya gwiwa ne. Yaran Gusau ba 'yan gulbi ba ne, ruwan da ya yi kama da marar zurfi yana da rami, akwai kada a wasu wurare, kuma wanka a irin wannan ruwa ne ke jawo tsargiya, wadda ba za ta nuna ba sai bayan makonni kun koma gida.

Yanzu hanya, wadda na san ita ta fi damunka. A taswira hanyar Anka da Gummi ta fi kusa, amma kada ka bi ta da iyali. Ka bi babbar hanya ta Bunguɗu, Maru, Talata Mafara, Tureta zuwa Sakkwato. Ba na ce maka wannan ba ta da matsala ba, kai mazaunin Gusau ne, ka fi ni jin labarinta kullum. Amma ta fi yawan motoci da shingayen jami'an tsaro. Kada ku yi sammakon asuba don gudun rana. Ku bari gari ya waye sosai, motoci sun fara zuwa daga ɗaya ɓangaren, direbobi sun kawo labarin hanya, sannan ku tashi. Kowace rana ta tafiyar nan, ku kasance kun sauka kafin la'asar sakaliya. Ku hau mota a cikin tasha inda ake rubuta sunayen fasinja, ba a bakin titi ba. Ku shida ne, kusan kun cika ƙaramar mota, saboda haka ɗaukar shata bai fi kuɗin kujera shida da wani abu mai yawa ba, kuma zai ba ku ikon tsayawa sallah da fitsarin yara. Kwana biyu kafin tafiya ka je tasha da kanka ka yi hira da 'yan kamasho, matambayi ba ya ɓata. In suka ce hanya ba daɗi a makon, ka ɗaga tafiyar ba tare da jin kunyar yara ba.

Ku kwana Sakkwato daren farko, ku ziyarci Hubbaren Shehu da yamma. Washegari ku kama hanyar Argungu, tafiyar kimanin kilomita 100, ku yini can, ku ƙarasa Birnin Kebbi wadda ba ta kai awa ɗaya daga Argungu ba. Nan za ku ajiye kaya kwana biyu ko uku, saboda ta fi yawan masauki da asibiti da banki. Daga nan ku ware safiya ɗaya ku je Gwandu ku ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Shehu Usmanu da kansa ya zauna a garin na 'yan shekaru kafin ya koma Sifawa, kuma da aka raba tafiyar da daula, ɓangaren yamma ne ya zo hannun Abdullahi. Yaran da suka ji labari daga bakin Kabawa jiya, yau za su ji shi daga ɗaya ɓangaren, kuma babban ɗanka ya isa ya riƙe duka biyun ya auna. A dawowa gida ku bi ta Jega da Aliero da Tambuwal, ku sake kwana Sakkwato. Albasar Aliero da bandar kifi da shinkafa 'yar gida sun isa tsaraba.

Ka ga mako ya cika ba mu taɓa Yawuri ba. Daga Birnin Kebbi zuwa Yelwa ta Jega da Koko tafiyar awa uku ce ko fiye, zuwa da dawowa sun cinye kwana biyu a cikin mota. Yawuri ta cancanci tafiyarta daban, don ganin Neja a faɗinta da tsibiran Gungawa da bikin Rigata abu ne da ba a yi masa gaggawa. In Allah ya kai ku wata shekara, kada kowa ya hau jirgin ruwa ba rigar kariya, kada ku hau wanda aka yi wa lodi fiye da kima, kada ku hau da dare. Hatsarin da ya auku kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, har yau yana zukatan mutanen yankin.

Zuru ƙasa ce mai duwatsu da kyan gani, da bikin Uhola na Dakarkari bayan girbi, kuma ina jin takaicin cewa a bar ta. Amma yankin, musamman wajen Danko-Wasagu da Sakaba, ya sha fama da irin abin da kuke fama da shi a Zamfara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Batun kuɗi, kuɗin mota na bin farashin mai, don haka lissafin da ka yi wata biyu da suka wuce ba zai yi maka aiki ba. Mako guda kafin tafiya ka samo farashin shata daga tasha, ka kira masauki biyu ko uku a Sakkwato da Birnin Kebbi ka ji kuɗin ɗaki biyu, ɗaya na uwargida da mata, ɗaya naka da maza. Mota da masauki su ne za su ci mafi yawan kuɗin, shiga wuraren tarihi ba shi da tsada. Abin da ya rage ka raba uku, ka ɓoye kashi ɗaya kada ka taɓa shi sai mota ta lalace ko yaro ya kwanta. In lissafin bai ba da wannan kashi na ukun ba, ka rage kwana ɗaya, kada ka rage shi. Ka riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, wani a jikinka wani a jikin uwargida, domin sabis na iya ɗaukewa a daidai lokacin da kake gaban mai POS. In kana da ɗan'uwa ko tsohon abokin karatu a Birnin Kebbi, ka sanar da shi tun yanzu. Ko ba ku sauka gidansa ba, ɗan gari zai nuna muku masaukin da ya dace da iyali da inda ake tuwon shinkafa da miyar kifi mai tsabta.

Ka bar uwargida ta tsara kayan yara, amma ka tabbata an sa rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturu, gidan sauro saboda kusancin fadama, maganin zazzaɓi, da gishirin ORS ko da wani zai yi gudawa. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai lambar wayarka. Ka kuma ba manyan biyun littafin rubutu su riƙa rubuta abin da masu bayani suka faɗa, za ka yi mamakin tambayoyin da za su yi.

Shi kuwa bikin, in an sanar da rana kuma akwai sauran kuɗi, ka ɗauki babban ɗanka ku je ku biyu. Ka kama ɗaki a Birnin Kebbi a makon da aka yi sanarwar, ku riƙa zuwa Argungu da safe kuna dawowa kafin magariba, kuma ranar babban kamu ku isa bakin ruwa da wuri don ku sami wurin tsayawa a gaba.