Sikanar bakod da ke fitar da alamu maimakon lambobi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya wa kantin albarka. In na fahimce ka, ka sayi sikanar hannu marar igiya, in ka haska kaya tana ƙara, amma maimakon lambobi sai ka ga é da ç da &, wani lokacin ma ba abin da ke fitowa. Kana kuma tambaya ko sai an sa mata direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, da yadda za a yi ta riƙa nuna farashi. Kada ka mayar da ita tukuna. Na daɗe ina haɗa wa masu kanti da masu kemis irin wannan na'ura, kuma wannan da ka faɗa matsalar saiti ce, lafiyar sikanar ƙalau.

A wurin kwamfuta, sikana kibod ce kawai. Tana karanta bakod, wato zanen layukan nan na jikin kaya, ta buga lambobin da ke ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya a duk inda alamar rubutu take ƙyaftawa. Shi ya sa yawancinsu ba ruwansu da direba, da ka soka sun fara aiki. Ba ta san sunan kaya ba, balle farashinsu. Wannan aikin manhajar kanti ne, kuma kai za ka zauna ka shigar da kowane kaya da lambarsa da kuɗinsa, sannan in an haska ya fito.

Saboda haka rufe manhajar kantin, ka buɗe Notepad, manhajar rubutun nan ta Windows, ka ɗauko gwangwanin madara ko kwalin sabulu ka haska. Abin da ya fito a nan shi ne ainihin abin da sikanar ke aikawa. In lambobi 13 ɗin da ke jikin gwangwanin suka fito daidai, to a manhaja za ka nemi matsalar.

Kai kuwa na san ba za su fito daidai ba, domin é da ç ɗin nan alamar kibod ɗin Faransanci ce. Sikana ba ta aika lambar 6, cewa take yi an danna maɓalli kaza, kwamfuta ce ke yanke abin da maɓallin yake nufi. A tsarin Amurka, wanda kusan duk sikana ke zuwa da shi, layin sama lambobi ne. A tsarin Faransa kuwa, wanda ake kira AZERTY, sai an danne Shift lamba ke fitowa, in ba haka ba alamu ne. Duba kayan Najeriya da lambarsu ta fara da 615, za ka ga ta zo maka a -&( daidai wa daida. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai kullum suna cikin wannan, haka ma wanda ya sayi kwamfutar Beljiyam da aka bar ta a saitin Faransanci. Abin da aka zana a jikin maɓallan ba shi ne abin dubawa ba, harshen da Windows ke nunawa a ƙasa kusa da agogo shi ne. Ko dai ka mayar da shi Turancin Amurka, ko ka saita sikanar ta koma tsarin Faransa. In yaron shagon ya saba da AZERTY, sikanar za ka canza, ka bar masa kibod ɗinsa. Masu kibod ɗin Larabci a kwamfuta su ma su kula, danna Alt da Shift bisa kuskure kan juya harshen, sai bakod mai haruffa ya riƙa fitowa da Larabci. Caps Lock ma yakan juya manyan haruffa su koma ƙanana.

Saitin kansa ba a kwamfuta ake yin sa ba. Ɗan littafin nan da ya zo a kwali, wanda mutane ke yarwa tare da leda, shi ne wurin saitin. Kowane bakod da ke ciki umarni ne, ka haska shi sikana ta yi wata ƙara dabam, ta karɓa. Ka fara da wanda aka rubuta Factory Default ko Restore Defaults a kansa, domin ba ka san abin da mai shagon ya haska lokacin da yake gwada maka ba. Wasu sikanonin haskawa ɗaya ta isa. Wasu sai ka haska na shiga saiti, sannan umarnin, sannan na ajiyewa, in ka manta na ƙarshen komai zai koma yadda yake. Bakod ɗin shafin suna da cunkoso, don haka ka rufe na sama da na ƙasa da takarda, ka bar wanda kake so shi kaɗai. In littafin ya ɓata, lambar samfurin tana ƙarƙashin sikanar, ka nemo nasa a intanet ka buga a takarda. Kada ka ari littafin wani kamfani. Manyan kamfanoni suna da manhajar saiti, Zebra na da 123Scan, Honeywell na da EZConfig, amma ƙananan da suka cika kasuwa littafin ne kaɗai.

Bayan haka sai ka sa mata Enter a ƙarshen kowace haskawa. A littafin za ka ga Add CR ko Enter Suffix. In babu shi, lambobin za su riƙa manne wa juna a layi ɗaya, mai karɓar kuɗi yana danna Enter da hannu bayan kowane kaya, amfanin sikanar ya tafi ke nan. Sai dai ka guji wanda ke haɗa CR da LF, domin wasu manhajoji kan ɗauke shi a matsayin Enter biyu. Na taɓa ganin kantin da Enter na biyun ke rufe ciniki ya fitar da rasit tun kan kaya na farko, layi ya taru, ana ta zagin manhaja. Akwai manhajojin da Tab suke so, wannan sai ka tambayi wanda ya sa maka.

Batun tana ƙara amma shiru, a marar igiya abu biyu nake fara zargi. Akwai yanayin ajiya da aka yi don ƙirgar kaya a sito, inda sikana ke tara lambobi a cikinta sai an haska bakod ɗin turawa ta zazzage su. In ta shiga wannan, haska Normal Mode ko Instant Upload. Na biyun shi ne an juya ta zuwa yanayin COM, wanda shi kam yana son direba, kuma Notepad ba zai ga komai ba, sai ka mayar da ita USB HID, wato yanayin kibod. In duk ba su ba ne, sake haɗa ta da ɗan abin nan mai kama da filashi da ake sokawa a kwamfuta, ka soka shi a jikin kwamfutar kai tsaye.

In da Excel kake shirin fara lissafin kaya, mayar da layin lambobin zuwa Text kafin ka haska ko ɗaya. In ba haka ba za ka ga 6.15E+12 a madadin lambar, sifilin farko ya ɓace, kuma duk lambar da ta wuce 15 Excel zai mayar da ragowar sifili, ba kuma za su dawo ba. Masu sayar da layukan waya sun fi kowa sanin wannan, don lambobin jikin layukan dogaye ne. Sifilin farkon nan yana da wata rigimar. Kayan Amurka lambobi 12 gare su, wata sikanar ta aika su haka, wata ta ƙara sifili a gaba su zama 13. Ranar da ka ƙara sikana ta biyu ka ga kayan da ka riga ka shigar ana cewa babu su, nan za ka duba, akwai saitinsa a littafin, a ƙarƙashin UPC-A, sunan bakod ɗin nan mai lambobi 12.

Ba ka faɗi ko taka mai jan layi ɗaya ce ko mai hasken da ke bazuwa ba. Mai jan layin lesa, irin LS2208, bakod mai tsaye-tsaye kawai take karantawa, ba ta ganin QR, ba ta kuma karanta komai daga fuskar waya. Mai kyamara, irin DS2208, tana yin duka. Mai kemis ni dai mai kyamara nake ba shi shawara ya saya, don kwalayen magani da yawa yanzu suna zuwa da ɗan murabba'in nan na DataMatrix mai ɗauke da ranar ƙarewar wa'adi. Sai dai kada wani ya ce maka haskawa na tabbatar da magani na gaske ne. Mai jabu kwafe bakod ɗin yake yi tare da kwalin. Ita ma 615 tana nufin an yi rajistar lambar a reshen Najeriya na GS1 ne, ƙungiyar da ke raba lambobin bakod, ba lallai a nan aka yi kayan ba.

Kayan da kake ƙullawa da kanka, sukari ko shinkafa a leda, ka buga musu sitika da nau'in bakod ɗin da ake kira Code 128, baƙi a kan fari, ka bar farin fili hagu da dama. Jan zane ba ya karantuwa a ƙarƙashin jan haske. Sitikar firinta mai aiki da zafi kuma tana dushewa in rana na dukanta, kada ka buga da yawa ka ajiye. Lokacin hunturu ka riƙa goge gilashin gaban da ƙyalle mai laushi, kuma in leda na ƙyalli ka ɗan karkata hannu maimakon ka matso da ita.

Yi gwajin Notepad ɗin, ka turo hoton abin da ya fito da lambar samfurin da ke ƙarƙashin sikanar, in nuna maka bakod ɗin da za ka haska a littafin, in sha Allah.